JAWABIN BABBAN BAƘO MAI JAWABI A BIKIN CIKA SHEKARA 50 NA WANNAN IKKILISIYA: SU WA AKA BUƊE WA ƘOFA?

 

Kwamitin biki ya ɗora mini nauyin in yi magana a kan tarihin ɗariƙarmu ta ECWA, da abin da muka gaskata, da kuma halin da ya kamata a san mu da shi. Tarihin wannan majami'a ita kanta, da sunayen bayin Allah da suka yi hidima a nan, suna wani shafi na wannan littafi, ba zan maimaita su ba. Tambaya ɗaya zan bi daga farko har ƙarshe, watau, su wane ne aka fara buɗe wa ƙofa a ƙasar nan, kuma su wane ne suke tsaye a bakin ƙofarmu yau?

MAFARI

Ran 4 ga Disamba 1893 waɗansu samari uku suka sauka daga jirgin ruwa a Ikko: Walter Gowans daga Kanada, Thomas Kent daga Amurka, da Rowland Bingham, haifaffen Ingila mazaunin Kanada. Babu wata babbar ƙungiyar mishan da ta yarda ta aiko su. Niyyarsu su kai bishara cikin ƙasar da Turawa suke kira Sudan a wancan zamani, wadda ƙasar Hausa take tsakiyarta. Shekara ɗaya ba ta wuce da yawa ba sai da biyu suka kwanta dama a 1894, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo. Ya sāke gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sāke kora shi. Sai a 1902 ne aka kafa tashar farko a Patigi, a ƙasar Nufawa. Wannan ita ce SIM, uwar ECWA.

Abu ɗaya da nake so matasa su riƙe shi ne, SIM ba ta wata ɗariƙa guda ba ce. Shi kansa Bingham ya fara hidima ne a Salvation Army kafin ya zama ɗan Baftis, waɗanda suka biyo shi kuwa daga ikkilisiyoyi dabam-dabam suka fito. Likita Andrew Stirrett, wanda kakanninmu suka laƙaba wa suna Bature Mai Magani, ya bar kantunan maganinsa a Toronto ya zo a 1902, zuciyarsa tana kan Hausawa har ya rasu a 1948. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 aikin haɗin gwiwa ne na mishan-mishan, babban ma'aikacin fassarar kuwa Likita Walter Miller ne na CMS a Zariya, ɗan Anglikan. Ashe tun daga littafin da iyayenmu suka koyi karatu da shi, hannun waɗansu ɗariƙu yana cikin tuwonmu.

ƘOFAR DA AKA RUFE, DA WADDA AKA BUƊE

Bayan da Turawan mulki suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sun yi wa sarakuna alkawari ba za su taɓa addinin jama'a ba. Saboda haka wajen shekara 30 aka hana 'yan mishan zama a yawancin masarautun Arewa. Bishara ta kewaye mu, ta tafi Egbe, da Kwoi, da Kagoro, da Tangale, ta yi saiwa a can tun kafin ta iso nan. Wannan ne asalin maganar da har gobe ake faɗa a kasuwa, wai Kiristanci addinin ƙabilu ne, Bahaushe ba ya zama Kirista. Tsarin mulkin Turawa ne ya haifi maganar, ba halittar Allah ba.

To, da ƙofa ta tashi buɗuwa, ta ina ta buɗe? Ta wurin kutare. A 1937 hukumomin En'e suka danƙa wa SIM asibitocin kuturta na larduna: Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan, 'yan'uwa. A wancan lokaci babu maganin ƙwaya, sai allurar wani mai da ake yi wa mutum a fata, mai zafin gaske, warkewa kuwa sai wanda Allah ya nufa. Mai kuturta ana keɓe masa ƙwaryarsa da tabarmarsa. Matarsa takan nemi saki. Idan ya miƙa hannu a gaisa, sai a ɗaga masa hannu daga nesa. Irin waɗannan mutane ne suna cikin na farko da suka ji bishara da Hausa a lardin Katsina, suka koyi karatu, suka riƙe littafin waƙoƙi da dungun hannu. Waɗansu da suka warke sun koma ƙauyukansu suna ba da magani, suna koya wa yara a, ba, ca. Duk wanda yake taƙama da cewa shi jikan Kiristan farko ne a ƙasar nan, to, ya san irin gidan da yake taƙama da shi. Ni a ganina abin alfahari ne, amma alfahari ne irin wanda yake sa mutum ya sunkuyar da kai. (Daga baya gwamnati ta karɓi Babbar Ruga, yau kuwa an fi saninta da aikin gyaran mata masu yoyon fitsari. Har yanzu dai waɗanda aka guje wa ne suke zuwa can.)

Daga nan aka buɗe tashoshi irin su Malumfashi da Matazu, da ɗakin magani da 'yar makaranta.

Kashi na biyu su ne baƙi. Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda ta ratsa Funtua a ƙarshen shekarun 1920. Cinikin auduga da injin gurzarta suka jawo Yarbawa, da Ibo, da mutanen kudancin Zazzau da na Filato, akawuna da direbobi da leburori. Da yawansu sun zo da bangaskiyarsu, suka kafa wuraren sujada a unguwannin baƙi.

Kashi na uku su ne iyayen yawancinmu da muke zaune a nan, watau Maguzawa. Hausawa ne gaba da baya, manoma na ƙwarai, masu manyan gidaje da gandu da rumbuna, waɗanda suka riƙe al'adar kakanni, mutanen gari suna kiransu arna. Sun biya haraji, sun ciyar da birane da dawa da gero, amma ba a cika tunawa da su ba sa'ad da ake rabon makaranta ko asibiti ko hanya. Waɗanda suka je wurinsu da bishara, yawanci ba Turawa ba ne. Masu bishara ne baƙar fata, daga Kagoro da Tangale da sauran wurare, waɗanda ƙungiyar EMS ta aika. An kafa ƙungiyar nan a ƙarshen shekarun 1940 domin ikkilisiyoyin ƙasa su aika da nasu ma'aikata da nasu baiko, Rabaran Panya Baba kuwa ya shugabance ta shekaru masu yawa kafin ya zama Shugaban ECWA a 1988. Mai bishara yakan zo da matarsa da fartanyarsa, mai gida ya yanka masa gona, ya yi noma da rana, da dare ya kunna aci-balbal ya koyar da karatu. Dattawan da suke cikinmu sun ga wannan da idonsu.

A 1954 aka kafa ECWA a taron Egbe, gwamnati ta yi mata rajista a 1956, a 1976 kuma SIM ta miƙa mata ragowar ayyukanta. Waɗannan shekaru na 1970 su ne lokacin da Maguzawa masu yawa a ƙasar Katsina da Kano da Zazzau suka bar tsafi. Waɗansu suka musulunta, waɗansu suka bi Almasihu, sau da yawa a cikin gida ɗaya, wa da ƙane. A lokacin ne aikin gona na Funtua ya fara a 1975, ya kawo takin zamani da noman masara, makarantar UPE kuma ta shigo ƙauyuka a 1976. Cikin wannan guguwa aka haifi ikkilisiyar da muke wa biki yau.

ABIN DA MUKA GASKATA

Ba zan daɗe a nan ba, gama duk wanda ya bi ajin baftisma ya san su. Mun gaskata Littafi Mai Tsarki, littattafai 66, hurarriyar Maganar Allah ce, ita ce ma'aunin bangaskiya da zaman duniya. Mun gaskata Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Mun gaskata budurwa ce ta haifi Yesu Almasihu, ya mutu domin zunubanmu, ya tashi daga matattu, zai kuma komo. Mun gaskata ceto ta wurin alheri ne, ta hanyar bangaskiya, ba da aikin lada ake sayensa ba. Muna yi wa wanda ya tuba ya ba da gaskiya baftisma ta nutsarwa cikin ruwa, muna kuma cin Jibin Ubangiji tare.

Ku duba jerin nan da kyau. Ba a tambayi ƙabilar kowa ba. Ba a tambayi yawan buhunan da ya noma ba, ko takardar makarantarsa, ko abin da ubansa yake yanka wa kaza. Idan ceto kyauta ne, to, babu wanda ya biya kuɗin kujerar gaba. Sunan ɗariƙarmu da fari shi ne Ikkilisiyar Bishara ta Afirka ta Yamma. Da aikin ya ƙetare iyakar Afirka ta Yamma, sai aka sāke fassarar haruffan, ta zama Ikkilisiyar Bishara Mai Ribato Kowa. Kalmar nan "kowa" tana da nauyi, mu ne kuwa muka ɗora wa kanmu ita a kan allon da yake bakin hanya.

INDA ƘOFA TA YI ƘUNCI

Biki ba ya hana faɗin gaskiya. Akwai wuraren da ƙofar ta matse, zan ambaci uku.

Na ɗaya, auren mata fiye da ɗaya. A zamanin mishan ba a yi wa mai mata biyu baftisma. Bamaguje kuwa mai babban gida, wanda bishara ta same shi da mata uku da 'ya'ya goma sha, me zai yi? Ya kori uwar 'ya'yansa, ta tafi ina? Da yawa daga cikin waɗannan dattawa su ne suka ba da filin da aka gina majami'u, su suka kawo azara da jinka, amma suka ƙare kwanakinsu a bencin baya, suna kallo ana raba gurasa. Ba mu kaɗai ne muka sha fama da wannan tambaya ba. Bishop-bishop na Anglikan na duniya sun hana irin wannan baftisma a taronsu na Lambeth a 1888, bayan shekara 100 cif, a 1988, suka yarda a yi wa mutumin da bishara ta same shi a haka, muddin ba zai ƙara aure ba, ba kuwa za a tilasta masa ya kori kowa ba. Koyarwarmu ta mace ɗaya da miji ɗaya tana nan daram, ban zo in taɓa ta ba. Roƙona ga shugabanni shi ne, duk sa'ad da irin wannan magana ta zo gaban dattawa, a tuna da matan da 'ya'yan, gama su ma rayuka ne.

Na biyu, mata. A Amurka wata ikkilisiya ta naɗa Antoinette Brown aikin fasto tun 1853, Cocin Ingila kuma ya fara naɗa mata firistoci a 1994. Tsarin ECWA bai naɗa mace fasto ba, wannan rumfa kuwa ba ita ce zauren da ake sāke tsari ba. Amma iyayena mata, ku ɗaga hannu mu gan ku. Wa ya fi cika majami'a ran Lahadi? Wa yake fara isa gidan makoki, wa yake ƙarshen fita? Wa ya riƙe asusun da bai taɓa ɓata ba? Zumuntar Mata ta yi wa'azi da tulu da kacau-kacau a ƙauyukan da fasto bai taɓa takawa ba. Saboda haka abin kunya ne a ce a gidan mai bi an cire yarinya daga makaranta domin a biya wa ɗan'uwanta, ko a ce miji ya rasu danginsa sun kwashe rumbu sun bar gwauruwa da marayu da tukunya. Wannan ba ya bukatar taron majalisa a Jos. Dattawan wannan ikkilisiya sun isa su hana shi.

Na uku, harshe. A garuruwanmu yanzu akwai sujadar Hausa, akwai ta Turanci, ba laifi. Laifin yana shigowa ne sa'ad da aka fara ganin ta Turanci ta ma'aikata ce, ta Hausa kuwa ta 'yan ƙauye. A wani gefen kuma, mu Hausawa Masihiyawa da muka daɗe muna kukan cewa ba a san da mu ba, kada mu juya mu ce wa jikan mai bisharar da ya bar Kagoro domin kakanninmu, "Kai baƙo ne." Ikkilisiyar farko a Urushalima ta yi irin wannan rikici. A Ayyukan Manzanni sura 6 masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake matansu gwauraye wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce a yi shiru domin zaman lafiya ba. An zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin, in kuwa kun duba sunayensu, duka na Helenanci ne. Watau an danƙa ludayin a hannun ɓangaren da ya yi kuka.

SU WA SUKE BAKIN ƘOFA YAU?

Wannan ikkilisiya ta ga wuta. A watan Maris 1987 rikicin da ya tashi a Kafanchan ya iso har Funtua, aka ƙone majami'u, watanni kaɗan kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a watan Satumba na wannan shekara. A watan Afrilu 2011, bayan zaɓe, aka sāke ƙone waɗansu a wannan yanki namu. Duk wanda ya taɓa tsintar kwanon rufi a cikin toka ya san yadda zuciya take so ta ƙulle. Ba na raina wannan ciwo.

Amma masifar da ta sauko mana a 'yan shekarun nan ta 'yan bindiga ba ta tambayar sunan mutum. Ɗalibai fiye da 300 da aka kwashe daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba 2020, 'ya'yan maƙwabtanmu ne. A watan Agusta 2025 an kashe masallata suna sallar asuba a Unguwar Mantau, a nan ƙaramar hukumar Malumfashi. Mu ma an ɗauke mana mutane a gona da kan hanya da cikin ɗaki. Daga Faskari zuwa Sabuwa, daga Ɗandume zuwa Ƙanƙara, akwai gonakin da suka koma saura domin mai su ba ya iya zuwa. Idan mace ta iso ƙofar majami'a da goyo da ƙullin kaya, ba daidai ba ne mai gadi ya fara da tambayar ko ita Maryamu ce ko Mariya. A ba ta ruwa tukuna. Ɗakin maganin mishan bai taɓa tambayar addinin majiyyaci kafin ya wanke masa gyambo ba, abin da ya sa har yau tsofaffin Musulmi suke ambatonsa da alheri ke nan.

Akwai kuma maganar da ta fi wuyar faɗa, watau Fulani. Na san akwai waɗanda suke zaune a nan da suka biya kuɗin fansa, akwai waɗanda suka biya ba su ga nasu ba. Duk da haka ba kowane mai sanda da saniya ne ɗan bindiga ba, rugage da yawa su ma an kore musu shanu an kashe musu mutane. Akwai kuma Fulani masu bin Almasihu, waɗanda danginsu suka kore su, sa'an nan suka zo cikinmu muna kallonsu da wutsiyar ido. Ɗan'uwa irin wannan ya rasa gida biyu. Bitrus ma sai da Ubangiji ya nuna masa wahayi har sau uku kafin ya yarda ya shiga gidan Karniliyas, hafsan sojan da suke mulkin ƙasarsa. Yin hattara wajibi ne, a tantance baƙo, a san inda ya fito. Amma bayan an tantance, a matsa masa a benci.

Haka nan sauran ɗariƙu. Anglikan sun sami Dayosis na Katsina a 1990. Katolika sun sami nasu a 2023, Bishop ɗinsu na farko kuwa, Gerald Musa, Bahaushe ne. Da Baftis, da HEKAN, da sauransu, ranar ƙone-ƙone ba wanda ya tsaya karanta allonmu kafin ya zuba fetur. Kada mu riƙa satar tumakin juna muna kiran abin ribar rayuka, alhali ga ƙauyuka can da babu mai zuwa.

SHEKARA TA HAMSIN

Daga ƙarshe, kalmar nan jubili da aka buga a bangon wannan littafi ba daga Turawa ta samo asali ba. Tana cikin Littafin Firistoci sura 25, maganar manoma ce kuwa. A shekara ta 50 akan busa ƙaho, wanda talauci ya sa ya sayar da kansa bauta ya koma gida, gonar da aka sayar saboda matsi ta koma hannun zuriyar mai ita. Ba a ce a yanka shanu a ɗinka anko ba, ko da yake ankon ya yi kyau, iyayena mata, na gani.

Kowa a nan ya san gidan da ya jinginar da gonarsa a shekarun nan domin ya fanshi ɗa ko mata daga daji, ko domin kuɗin asibiti. Sau da yawa wanda ya karɓi jinginar ɗan'uwa ne a cikin wannan majami'a, ya kuwa taimaka ne a ranar da babu mai taimako, Allah ya sāka masa. Amma ya ci amfanin gonar damina uku, damina huɗu, mai gonar kuwa yana ƙwadago a cikin gonar ubansa. Ina roƙon Dattawan Ikkilisiya, kafin ruwan shuka ya sauka, su zauna a asirce su rubuta irin waɗannan gonaki. Wanda Allah ya hore masa, ya mayar. Wanda ba zai iya yafe duka ba, ya rage. Inda ya gagara, a ware wani kashi daga baikon wannan biki da na godiyar kaka a cike gurbin, a kuma fara da gonakin gwauraye. Ina roƙo kuma a sa mata biyu daga Zumunta cikin waɗanda za su yi wannan aiki, domin su ne suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba. Sakatare ya karanta wa ikkilisiya yawan gonakin da aka mayar a taron ƙarshen shekara, ba tare da ambaton sunan kowa ba.

Shugaban taro, na ga kana duban agogo.  Ubangiji ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.